Buhu ɗaya, sakamako uku: wanne ne gaskiyar gwal ɗin?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Na zo da matsala, na kuma san zauren nan ba a rasa masu ilimin abin. Wata huɗu ke nan wani ɗan uwa ya jawo ni harkar haƙar gwal a wajen Yawuri. Ni nawa kuɗi, su nasu rami da ƙarfi. Kafin in ƙara zuba ko sisi na ce a aiko mini da dutsen in gwada. Aka ɗoro mini rabin buhu a motar albasa, na je Mile 12 na karɓa.

Na fara kai shi wani shago a Idumota, wurin masu bindigar nan ta gwajin gwal. Yaron ya ɗora ta a kan dutse ɗaya, ko minti ba a yi ba ya ce wannan ai ya kai giram 40 a tan. Wallahi ranar ban yi barci ba. Da hankalina ya dawo na ɗebi wani na kai lab. Kwana 19 ina bugun waya, aka ba ni takarda: giram 2.1. Raina ya ɓaci, na kai ragowar wani lab ɗin daban, suka ce giram 14. Buhu ɗaya fa.

Tambayata biyu ce. Wa ya yi mini ƙarya a cikinsu? Sannan babu wata hanya mai sauri kuma mai gaskiya? Damina na matsowa, mutanen rami suna jiran kuɗin injin janye ruwa.

Yaron Mile 12:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka haɗa ukun ka raba uku mana, a wuce wurin.

Mai Lab:
Wa alaikumus salam. Alhaji, yi haƙuri in fara da tambaya. Abin da ka kai lab na farko da wanda ka kai na biyu, an niƙa su tare sannan aka raba, ko da hannu ka ɗebi duwatsu daga buhu?

Ɗan Agege:
Da hannu na ɗiba. Na farko na ɗebi na sama, na biyu na zazzage abin da ya rage har da garin ƙasan buhun.

Mai Lab:
To ai mai yiwuwa babu wanda ya yi maka ƙarya cikin lab biyun. Abu biyu ka kai musu, suka ba ka amsa biyu. Bari in warware, don shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aikin.

Hanyar da duniya ta yarda da ita ita ce gwajin wuta. In ka je lab ka ce "faya ase" za su gane. Ana busar da dutsen, a farfasa, a niƙa shi ya yi laushi kamar fulawa. Daga garin nan giram 30 ko 50 kacal ake ɗiba. A cakuɗa shi da garin dalma, da boraks, da soda, da 'yar fulawa, da ɗigon azurfa, a sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Dalmar tana narkewa ta gangaro kamar yayyafi, ta kwaso duk gwal da azurfar da ke ciki ta taru a gindin tukunya. Idan ya huce a fasa, a ciro dunƙulen dalmar, a ɗora shi a wani ɗan kasko na tokar ƙashi ko magnesiya a mayar wuta. Kaskon ya shanye dalmar tas, ya bar wani ɗan ɗigo mai ƙyalli kamar ƙwayar gero, wani lokacin ma bai kai ba. Shi ake narkarwa a asid a ba na'ura ta karanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan dutse yana da giram 1 a tan, to gwal ɗin da ke cikin giram 50 bai fi nauyin ƙwaya ɗaya tak ba, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ƙwaya ɗaya. Ta faɗo cikin cokalin da aka ɗiba, sakamako ya tashi. Ta zame gefe, ya faɗi. Gwal ɗin da ke cikin farin dutse irin na ƙasarmu kuwa sau da yawa tsaba-tsaba yake, ba ya bazuwa daidai kamar gishiri a miya. Ga shi da nauyi, in buhu ya sha girgiza daga Kebbi zuwa Legas duk wanda ya saki sai ya gangara ƙasa. Shi ya sa ban yi mamakin 14 ta fito daga garin gindin buhu ba.

Ɗan Agege:
Ikon Allah. To 40 ɗin fa?

Mai Lab:
Ita wannan ka manta da ita.

Hajiyar Balogun:
A'a Malam, kar a ɓata wa bindiga suna. Ni kullum da ita nake ciniki. Mace ta kawo sarƙa ta ce karat 22 ce, a ɗora, cikin daƙiƙoƙi ta nuna 91 da ɗigo, ko ta nuna 75 mu ce Hajiya wannan 18 ce. Ta raba mu da rigima mai yawa, don da can har rantsuwa ake yi a bakin shago.

Mai Lab:
Hajiya, gaskiyarki a kan sarƙa. XRF ake ce mata, haske take harbawa ta karanta abin da ya dawo. A sarƙa gwal ne kashi 75 ko 91 cikin ɗari, ko makaho ya laluba zai ji. A dutse kuwa ana maganar kashi 2 ko 5 ne cikin miliyan. A wannan matakin alamar gwal tana cakuɗewa da ta tutiya da asenik da tungistin, na'urar sai ta ɗauki wani ta kira shi gwal. Ƙari a kan haka, wurin da take kallo bai kai faɗin farce ba, kuma fatar dutsen kawai take gani. Yaron shago zai zaɓi inda ya fi ƙyalli ne ya ɗora. Masu binciken ma'adinai suna yawo da ita a daji, amma asenik da jan ƙarfe da dangoginsu suke nema da ita, waɗanda ke nuna gwal na iya kasancewa kusa.

Hajiyar Balogun:
Maganar fata kam na yarda, don an taɓa yi mini. Wani ya kawo awarwaro mai kauri, bindiga ta ce 21. Allah ya taimake ni wani dattijo a layinmu ya ce a goga da zarto tukuna. Ana shiga ciki sai ga jan ƙarfe. Tun ranar, abu in ya yi kauri sai an yanka ko an auna shi a ruwa.

Baba Maƙeri:
Hajiya kin gama magana. Mu da muka gaji sana'ar nan, baƙin dutse da ruwan asid muka tarar, da sikeli da kofin ruwa. Ka goga, ka ɗiga, ka ga ko zanen zai tsaya. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi kuma Alhaji, da ni ne, da ban kai wa kowa ba. In daka dutsen a turmin ƙarfe, in wanke a kwano, idona ya gaya mini. Mutanen ramin da kake ba kuɗi ai haka suke yi, ba su san wani lab ba, kuma suna samu.

Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kwano yana da amfani, ni kaina ba na zuwa daji ba tare da shi ba. Amma kwano yana nuna gwal ɗin da ya saki ne kawai, wanda ido ke gani. Akwai wanda ya fi ƙura laushi, ruwa ke tafiya da shi. Akwai kuma wanda ke kulle a cikin wannan dutse mai ƙyallin rawaya da ake kira fairait, ko zaiba ba ta kama shi. Ba ku ga yadda wasu ke bin wuraren wanki suna sayen ragowar ƙasar da aka zubar ba? Ba don Allah suke saye ba. Sun san abin da kwano da zaiba suka bari a ciki, sayanayid suke zuba mata su cire.

Amma in koma kan tambayar Alhaji ta biyu, wadda ba a amsa ba. E, akwai hanya mai sauri kuma mai gaskiya, na gan ta da idona a Tarkwa ta ƙasar Ghana. Sunanta PhotonAssay. Hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ita ta ƙirƙiro ta, kamfanin Chrysos ke kasuwancinta, an kuma fara aiki da ta farko a birnin Perth a 2018. Ba wuta, ba dalma, ba asid. Ana farfasa dutse ya koma kamar tsakuwar shinkafa, a cika wata roba mai cin wajen rabin kilo, a sa a layi. Na'urar ta harba masa haske irin na hoton asibiti amma mai ƙarfin gaske, wanda ke ratsa robar gaba ɗaya. Ƙwayoyin gwal su zabura, su yi ta fitar da wani haske nasu na kansu, rabinsa na mutuwa duk bayan kamar daƙiƙa 8. Shi na'urar ke ƙirgawa. Minti biyu an gama da roba ɗaya, kuma da yake ba a jira wata ta gama kafin wata ta shiga, a awa guda tana cin wajen 70.

Abin da ya fi burge ni ba saurin ba ne. Rabin kilo take karantawa, ninki goma na abin da gwajin wuta ke ɗiba, saboda haka matsalar ƙwaya ɗaya da Mai Lab ya faɗa tana raguwa sosai. Sannan dutsenka yana nan bai ƙone ba. In ka yi gardama a sake sa robar, ko ka ɗauka ka kai wani wuri. Manyan kamfanoni sun rungume ta, akwai ta a mahaƙar Bulyanhulu ta Tanzaniya. Ni a ganina nan da wasu shekaru tanderu zai koma gefe.

Yaron Mile 12:
Injiniya nawa take? Mu yi karo-karo mu ajiye ɗaya a Agege.

Injiniya:
Kai dai ba ka rabo da wasa. Girmanta kamar kwantenonin Apapa ne, kuma ba sayarwa suke ba, haya suke bayarwa ana biyansu bisa yawan abin da aka gwada. Sai wurin da ke gwada dubbai a wata take biyan kanta. Ga wutar lantarki, ba ta son ɗauke-kawo.

Mai Lab:
To ka ga Injiniya, da bakinka ka kashe maganar. Ban musa ingancinta ba. Amma mutumin da ke da rabin buhu a Agege, me ta tsinana masa? Sai ya nemi izinin fitar da samfur waje, ya biya kuɗin aikawa, ya jira. Kwana 19 ɗin nan za su dawo, ƙila da ƙari.

Kuma ina so jama'a su gane wani abu. Gwajin wuta ba shi ne mai jinkirin ba. Daga shiga tanderu zuwa karanta lamba yini ɗaya ya isa. Abin da ke cin kwanaki shi ne busarwa, da niƙa, da layi, da jiran a tara samfur da yawa kafin a kunna tanderu saboda tsadar gas da dizal, wani lokacin kuma lab ɗin da ka kai wa ba su da tanderun ma, aikawa suke wani gari su karɓo. Alhaji, ka tambaye su a ina aka yi gwajin?

Batun tanderu zai koma gefe kuwa, da sauran rina a kaba. Ita kanta sabuwar na'urar da me aka auna gaskiyarta? Da gwajin wuta. Kuma in ana neman gwal ɗan mitsitsi a ƙasar sama lokacin bincike, har yau wuta ta fi ta gani.

Injiniya:
Na yarda da na ƙarshen. Amma ka faɗi gaskiya, ma'aikatanku nawa ake auna wa jini saboda dalma? Kowane gwaji ɗaya yana barin kasko da tukunya masu guba. Ina ake zubar da su?

Mai Lab:
Wannan kam ka taɓo inda ke mini ciwo. A inda ake bin ƙa'ida ana auna jini a kai a kai, ana tara kaskon daban. A inda ba a bi, Allah dai ya kyauta.

Ɗan Agege:
Mai Lab, ban tambaya ba wallahi, takarda kawai na karɓa. To tunda kayan haɗin ba su da yawa, akwai wani yaro a unguwarmu da ya ce yana iya yin gwajin wutar nan a bayan gida da gawayi da injin hura iska, a yini ɗaya. In gwada shi?

Malamar Asibiti:
Alhaji don girman Allah kar ka fara. Karatu kawai nake yi a zauren nan, amma wannan ba zan yi shiru ba. Ni 'yar Zamfara ce. A 2010 yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta gurɓace. Ba wani abu ya kashe su ba illa dutsen gwal mai dalma da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai da Likitocin Na Gari Na Kowa, MSF, suka shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wannan fa ƙurar dutse ce kawai. Shi yaron naku dalmar zai narka, hayaƙinta ya bi gidan haya na Agege mai ɗaki goma da yara ashirin.

Kuma ina tambaya, ragowar buhun yana ina yanzu?

Ɗan Agege:
Subhanallah. Buhun da ɗan abin da ya rage yana ƙarƙashin gado.

Malamar Asibiti:
A fitar da shi yau, a ƙulle a leda biyu, a ajiye inda yara ba sa zuwa. A goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, kar a share da tsintsiya. Baba Maƙeri, ku ma ku yi haƙuri, turmin nan in za a daka a jiƙa dutsen, kuma ba a cikin gida ba.

Baba Maƙeri:
Na karɓa 'yata. Gaskiya ɗaya ce.

Injiniya:
Akwai hanya ta tsakiya da ba mu taɓo ba, kuma ina ganin ita ta fi dacewa da irin su Alhaji. Gwajin kwalba. Ana zuba niƙaƙƙen dutse rabin kilo ko kilo guda a kwalba da ruwan sayanayid da farar ƙasa, a ɗora a kan abin juyawa. Na gargajiya yana kwana yana juyawa. Amma akwai sinadarin ƙara sauri, wanda aka fi sani shi ne LeachWELL, da shi cikin 'yan awoyi gwal ya narke, a tace ruwan a ba na'ura. Samfurin babba ne, kuɗin bai kai na sabuwar na'ura ba, lab mai matsakaicin ƙarfi zai iya. Sannan yana gaya maka abin da zai fita a zahiri in aka sarrafa dutsen da sayanayid, wanda shi ne kuɗin da zai shiga aljihu.

Mai Lab:
Da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba duka gwal yake nunawa ba, sai wanda sayanayid ya iya kaiwa gare shi. Wanda ke kulle a fairait yana nan zaune, in kuma dutsen yana da baƙin gawayi a jikinsa sai ya sake tsotse gwal ɗin da ya narke. Saboda haka a sa ragowar da ke gindin kwalbar a wuta, a haɗa lamba biyun. Na biyu, wannan aikin lab ne. Farar ƙasar nan ba ado ba ce, in ruwan ya yi tsami sayanayid yana tashi ya zama iska mai kashewa nan take. Kar wani ya karanta wannan ya je ya nemi kwalba.

Haka masu dafa gari a ruwan sarki, wato asid biyu da ake haɗawa kashi uku da ɗaya. Yana da sauri da araha, amma shi ma ba ya cin farin dutse, in gwal na ciki a rufe ya tsira. Ina zargin ma lab ɗinka na farko abin da suka yi ke nan. Duba takardar Alhaji, za a rubuta hanyar da aka bi.

Ɗan Agege:
Na duba. Ta farko an rubuta AR da AAS. Ta biyu an rubuta FA50.

Mai Lab:
Ka gani. Ta farko, AR, ruwan sarki ne, AAS kuma na'urar da ta karanta; ta biyu gwajin wuta a kan giram 50. Samfur daban, hanya daban. Da sun zo ɗaya ma da na yi mamaki.

Ustaz Obalende:
Assalamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki ta wata fuska. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan tun da daɗewa. An ruwaito Imamu Malik ya halatta sayar da ƙasar ma'adini in ba da jinsin abin da ke cikinta za a biya ba, amma ya hana sayar da sharar maƙeran zinariya, saboda jahilcin abin da ke ciki ya yi yawa. Abin lura shi ne sun damu da garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. To in yau akwai hanyar sani, neman sanin yana kare dukiyarka kuma yana kare zumuncinka da ɗan uwan da ya jawo ka.

Yaron Mile 12:
Allah ya gafarta Malam, mu a kasuwa cinikin biri a sama muke ce masa.

Amma ni fa akwai abin da ke damuna tun ɗazu, duk kun tsaya kan na'ura. Wa ya cika buhun? Mu nan kwandon tumatir in ya zo daga Arewa, na saman kamar a yi hoto da su. Mai wayo sai ya sa hannu har gindi. Mutanen da ke jiran kuɗin injinka ne suka zaɓi dutsen da za su aiko maka. Ko waliyyai ne, mai kyau za su tsinto.

Injiniya:
Wallahi yaron nan duk wasansa ya fi mu gaskiya. Babbar damfarar da aka taɓa yi a harkar gwal ta nan ta shigo. Kamfanin Bre-X na Kanada, a wani wuri da ake kira Busang a Indunusiya. Suka ce sun gano gwal da ba a taɓa ganin irinsa ba, hannun jarinsu ya kai biliyoyin dala. Lab ɗin da ke gwada musu gaskiya yake rubutawa. Ashe kafin samfur ya isa lab ake barbaɗa masa garin gwal, har da wanda aka saya wurin masu wanki a rafi. A 1997 asiri ya tonu da wani kamfani ya haƙa nasa ramin a gefen nasu ya tarar ba komai. Babban masanin dutsensu ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu, mutane suka yi asarar abin da suka tara. Da a ce PhotonAssay na nan a lokacin, ita ma lambar za ta ba su, cikin minti biyu.

Ban ce 'yan uwanka sun yi haka ba Alhaji.

Ɗan Agege:
Na fahimta. Ɗan uwan nawa ban zarge shi ba, amma ba shi ke shiga ramin ba. Yanzu ku ba ni shawara ɗaya in bi, kaina ya ɗau zafi.

Mai Lab:
Ka je da kanka, ko ka aika wanda ba shi da kaso a ramin. A sassaƙo dutse a gicciye, daga wannan gefen layin farin dutsen zuwa wancan, har da wanda ba ya ƙyalli, duk abin da za su haƙa su kai niƙa. A yi haka a wuri huɗu ko biyar, kowanne a ledarsa da lambarsa, kilo biyu zuwa uku. In tarin dutse ne a waje, a ɗiba sama da tsakiya da ƙasa, a farfasa, a tsiba, a baje, a raba huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna, a maimaita har ya ragu. Ka ɗaure da hannunka, kar ya kwana a ɗakin kowa.

A lab ka ce gwal ɗinka mai tsaba ne, kana son gwajin wuta na rariya. Kilo guda suke niƙawa su tankaɗe, duk abin da ya tsaya a rariyar a ƙona shi gaba ɗaya, garin kuma a gwada sau biyu. Ya fi tsada, ya fi jinkiri, amma shi ne maganin 2 da 14. In suna yin gwajin kwalba, haɗa da shi.

Dabara ta ƙarshe: raba leda ɗaya gida biyu bayan an farfasa, ka ba su lamba daban kamar ba su da alaƙa. Sannan ka sa leda ɗaya ta tsakuwar gini zalla. In tsakuwar gini ta fito da gwal, injin niƙansu ba a wanke shi, ko kuma lambar ake ƙirƙira. Manyan kamfanoni kullum haka suke yi wa lab, ba rashin yarda ba ne.

Injiniya:
Ƙari kaɗan. Tunda Arewa za ka, ba dole sai ka dawo da shi Legas ba. Hukumar binciken ƙasa ta tarayya tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, ka tsaya ka tambayi irin gwajin da suke yi da kwanakin da yake ɗauka. Kuma ka tabbatar ramin yana ƙarƙashin lasisi ko ƙungiyar masu haƙa mai rajista, kar ka sayi injin a zo a kwashe.

Ga kuma lissafin da za ka riƙe. Buhu mai kilo 50, ashirin ne tan ɗaya. In giram 2 ne a tan, kowane buhu kashi ɗaya cikin goma na giram ke ciki. In 14 ne, giram 0.7. Daga ciki kuma ba duka zai fita ba. Mahaƙar Segilola ta jihar Osun, da ta fara zuba gwal a 2021, da 'yan giram a tan take aiki, amma ita tana niƙa dutse da manyan injina dare da rana. Mai guduma da kwano yana buƙatar dutsen da ya fi nata kyau nesa ba kusa ba kafin ya ga riba.

Baba Maƙeri:
Duk da haka ka tafi da kwano Alhaji. In an sassaƙo, a jiƙa kaɗan a daka a wanke a gabanka. Ba zai ba ka lamba ba, amma za ka ga ko tsaba ce ko ƙura, ka san abin da za ka faɗa wa masu lab.

Mai Lab:
Wannan na sa hannu, Baba.

Hajiyar Balogun:
In Allah ya sa an dace aka narka, ka kawo mini in ɗora masa bindigar da aka raina yau.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Buhu dai na fitar, uwargida ta goge ɗaki tana ta faɗa. Na kira ɗan uwan na ce kuɗin injin sai na zo. Bai ji daɗi ba, ya ce ruwa ba ya jiran lab. Na ce a ɗauki hayar injin na sati biyu, ni zan biya. Ranar Alhamis in sha Allahu zan bi motar dare.

Mai Lab, leda biyar da ta tsakuwa da wadda za a raba, bakwai ke nan. Ledar shinkafa ta isa ko akwai ta musamman?

Mai Lab:
Leda mai kauri sabuwa, biyu-biyu. Rubuta lambar a jiki da maka, ka kuma sa wata a takarda a ciki, don ta waje tana gogewa a mota. Abin da kowace lamba ke nufi ka rubuta a littafinka, kai kaɗai.

Yaron Mile 12:
Alhaji in za ka dawo, ka taho mana da albasar Yawuri ko rabin buhu ne. Ita ba sai an kai lab ba.